Waiwaye: Bairus ɗin da ke hana ƙwayoyin jiki balaga

A 1958 likita Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya rubuta bayanin wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda. Da aka duba taswira sai aka ga cutar tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, abin da ya sa aka fara zargin akwai wata ƙwayar cuta a ciki. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ta a Landan, a cikin ƙwayoyin sankarar da suka raina a kwalba. Ita ce ake kira bairus ɗin Epstein-Barr, ko EBV a taƙaice, a yau, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na manya a duniya suna ɗauke da ita, mafi yawansu lafiya lau.

Najeriya ma tana da hannu a labarin. A 1963, a Ibadan, Robert Pulvertaft ya raini ƙwayoyin irin wannan sankara daga jikin wani yaro ɗan shekara 11. Ana kiransu Raji, kuma har gobe ɗakunan bincike na duniya suna aiki da su.

Da farko hankalin masana ya karkata ne ga yadda bairus ke ingiza ƙwaya ta riƙa rabuwa. Amma ƙwayar jiki mai lafiya tana da ranar yaye: ta fata, misali, takan bar rabuwa, ta haura sama, ta taurare, ta mutu. A 1990 Christopher Dawson da Alan Rickinson da Lawrence Young na Jami'ar Birmingham suka saka ƙwayar gado guda ɗaya ta EBV, mai samar da furotin LMP1, a cikin ƙwayoyin da aka samo daga sankarar fata. Ƙwayoyin suka kasa kammala wannan balaga. A ganina, nan ne tambayar yadda bairus ke jawo sankara ta fara kama hanya, domin ƙwayar da ba ta balaga ba, ba ta da dalilin daina hayayyafa.

Wani abin mamaki kuma, bairus ɗin kan yi likimo ne a cikin fararen ƙwayoyin jini na rukunin B, kuma balagarsu ce ke tayar da shi ya fara yin 'ya'ya. Bincike na baya-bayan nan ya nuna furotin ɗinsa EBNA3A da EBNA3C suna danne wannan balaga, wato shi da kansa yake riƙe da linzamin lokacin farkawarsa.