Sarrafa sharar gine-gine

Sharar gine-gine ita ce duk abin da ya rage ko ya lalace a wajen gini, gyara ko rushe gini: baraguzan kankare da bulo, guntayen rodi, katakon dekin, fasassun tayil, buhunan siminti, tsohuwar kwalta da ƙasar da aka haƙo daga harsashi. A ƙasashen Tarayyar Turai ta haura kashi ɗaya cikin uku na dukkan sharar da ake fitarwa. Sarrafa ta ya ƙunshi rage ta tun daga zanen gini, rarrabe ta, jigilarta, da mayar da ita abin amfani.

Rarrabewa ce ginshiƙin aikin. Kankare zalla yana da mai saye, haka ƙarfe, haka katako. Amma da zarar an zuba su a tifa ɗaya tare da leda da fenti da ragowar abinci, sun zama kayan juji. Shi ya sa a wuraren aiki masu tsari ake ware wa kowane iri mazubinsa, kusa da inda sharar ke fita, a kuma yi masa alamar da lebura zai gane ko da bai iya karatu ba. Allon jifsam na silin yana buƙatar kulawa ta daban, domin idan aka binne shi cikin shara mai ruɓewa yakan fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tsohon rufin asbestos kuwa ba a niƙa shi sam. Ƙurarsa na jawo sankarar huhu, don haka ƙwararru ne ke cire shi kafin a fara rushewa.

Kankaren da aka ware ana zuba shi a injin fasa dutse, maganaɗisu ya zare rodin ciki, sannan a tankaɗe shi gwargwadon girma. Tsakuwar da ke fita ta fi ta dutse shan ruwa saboda tsohon simintin da ke manne a jikinta, don haka an fi zuba ta a ƙarƙashin titi da ciko fiye da ginshiƙan bene. Wannan ne raunin da alƙaluma ke ɓoyewa: ƙasa za ta iya cewa ta sake sarrafa kusan dukkan baraguzanta, alhali yawancinsu ƙarƙashin kwalta suka tafi, sabon gini kuma yana ci gaba da cin sabon dutse da yashi.

Jigila ma tana da nata lissafin. Baraguzai nauyi gare su, kuɗinsu kuma kaɗan, saboda haka tafiya mai nisa takan cinye ribar. Mafita ita ce kawo injin fasawa wurin aikin, da tsara yadda motar da ta kawo kaya ba za ta koma fayau ba, da kuma odar kaya daidai lokacin buƙata, don kada siminti ya sha damina a ajiye ya daskare. A filin gasar Olamfik ta Landan ta 2012 an rushe gine-gine sama da 200, aka sake amfani ko sarrafa fiye da kashi 98 cikin 100 na baraguzan, aka wanke gurɓatacciyar ƙasa a wurin, fiye da rabin kayan ginin kuma, a ma'aunin nauyi, ta jirgin ƙasa ko ta ruwa suka iso.

Doka ce ta tura masana'antar a yawancin ƙasashe. Birtaniya ta sa harajin zubar da shara a juji a 1996, ta ƙara harajin sabuwar tsakuwa da yashi a 2002. Holan ta hana binne baraguzan da za a iya sake amfani da su a 1997. Dokar Japan ta 2000 ta wajabta ware kankare, kwalta da katako a duk rushewar ginin da faɗin dabensa ya kai murabba'in mita 80. Tarayyar Turai a 2008 ta sa wa mambobinta burin sake amfani ko sarrafa kashi 70 cikin 100 na sharar gine-gine zuwa 2020, Indiya kuma ta fitar da nata ƙa'idojin a 2016.

A Najeriya hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idojin muhalli na ɓangaren gine-gine tun 2011, sai dai mafi yawan aikin 'yan jari bola ne da dillalan tsofaffin kaya ke yin sa. Rodi, ƙofofi, tagogi da kwanon rufi ba sa kwana a kango. Suna isa kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, baraguzai kuma a saye su don cike rami ko hanyar da ruwa ya ci. Ta fuskar sake amfani da kaya yadda suke, wannan tsari abin yabo ne. Giɓinsa shi ne masu fasa kankare da guduma ba su da abin rufe hanci ko safar hannu, kuma abin da ba shi da mai saye, kamar leda, fasasshen gilashi da asbestos, yakan ƙare a magudanar ruwa.