Waiwaye: Yadda dokar caca ta zagaya daga zamanin Lugga har ta dawo hannun Katsina

Ranar Juma'a, 22 ga Nuwamba 2024, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008. Mai Shari'a Mohammed Idris ne ya rubuta jagoran hukuncin, kuma baki ya zo ɗaya: Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi doka a kan caca, saboda haka dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki ko'ina sai a Abuja. Legas ta yi shekara 16 tana shari'ar ne don kuɗin lasisi da haraji su zama nata. Amma hukuncin da ya ba ta damar tara kuɗi, shi ne ya cire wa Katsina abin da ya daɗe yana ɗaure mata hannu wajen hanawa.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun ana ciniki da wuri ake watsa shi a ƙasa, a ci ko a cinye mutum, kafin karta ta zo ta karɓe fagen. Hukuncinta a addini ma a bayyane yake: aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce zunubin giya da caca ya fi amfaninsu girma, aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar, suka kuma faɗi dalili, wato ƙiyayya tsakanin mutane da shagala daga sallah. Rubutacciyar dokar gwamnati kuwa da Turawa ta zo. Gwamna Lugga ya kafa kundin laifuffuka a Arewa a 1904, aka shimfiɗa shi a dukan Nijeriya a 1916. Kundin, wanda jihohin Kudu suka gada, ya lissafa wasannin da ya haramta a sashe na 236, kuma a ciki har da "chacha" da sauran wasannin wuri, da sunan nan namu a rubutun Turawa. Ma'aunin da ya bi shi ne raba wasan gwaninta da wasan sa'a: na farko halal a idon doka, na biyu laifi. Wannan rabon ya daɗe yana aiki, domin da shi kamfanoni ke kafa hujja cewa hasashen sakamakon ƙwallo sani ne, ba sa'a ba.

Dab da samun 'yanci Jihar Arewa ta yi nata kundin, Final Kod, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960. Ya tanadi ɗauri har na shekara 2, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya buɗe gida ko wurin da jama'a ke shiga don caca. A lura da kalmomin: gida, wuri. Masu rubuta dokar suna hango ɗaki ne mai ƙofa, da mai gida da za a kama, da tabarma da karta da za a kai gaban alƙali. Haka dokar soja ta 1977, a mulkin Janar Obasanjo, wadda ta haramta injin caca irin wanda ake jefa wa kwabo, kalo-kalo, da ɗaurin shekara 1 ba zaɓin tara, a kuma ƙwace injin. Ita ma ƙarfe take nufi, abin da ɗan sanda zai ɗauka ya ɗora a mota. A tsakanin nan cacar ful ta ƙwallon Ingila ta yaɗu a garuruwa, ana cika takarda ana zaɓen wasannin da za a tashi kunnen doki, ana jiran ranar Asabar.

Katsina ta fita daga Jihar Kaduna a 1987 da Final Kod a hannunta. Da guguwar Shari'a ta taso daga Zamfara a 1999, Katsina ta bi sahu a Agustan 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, caca ta shiga cikin laifuffukan da kotunan Shari'a ke hukunta Musulmi a kai ta hanyar ta'aziri. Shekara biyar bayan haka, a 2005, gwamnatin tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa, ta kafa hukumar ba da lasisi da asusun da ake zuba wani kaso na kuɗin a ciki don ayyukan jama'a. Nan aka sami karo. Sashe na 4(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in dokar jiha ta saɓa wa ingantacciyar dokar tarayya, ta tarayya ce a sama. Mai shago a Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Ƙaura yana iya liƙa hoton lasisin uwar kamfaninsa a bango ya ce Abuja ta ba shi izini, jami'in jiha kuma ya tsaya yana tunanin ko zai jawo wa kansa ƙara.

Lokacin da aka rubuta dokar 2005, cacar lamba irin ta Baba Ijebu ce a gaba. Ba a jima ba kasuwar ta sauya kama. NairaBet ta fara a 2009, Bet9ja a 2013, wasu suka biyo baya, hukumar tarayya kuma ta faɗaɗa fassarar dokarta ta shiga ba su izinin cacar wasanni. Tsarin shagon mai sauƙi ne: kamfani yana Legas, wakili ya kama haya kusa da gidan kallon ƙwallo, ya sa kwamfuta da injin buga tikiti da talabijin biyu ko uku da janareto, ya riƙa karɓar kamasho. Ba ya sa kuɗinsa a caca, nasa a shigo a buga.

Ya kamata iyaye da malamai da 'yan majalisa su san lissafin da ke ƙarƙashin abin, don shi ne amsar masu cewa sani ne. A ɗauki wasan da ɓangarorinsa biyu suke daidai. Adalci shi ne wanda ya ci a ninka masa kuɗinsa sau 2. Kamfani sai ya ba da 1.90. Mutum biyu suka sa naira 1,000 kowanne, ɗaya a nan ɗaya a can: an karɓi 2,000, an biya 1,900, kamfani ya riƙe 100 ko wa ya ci. Kashi 5 cikin 100 ke nan a wasa ɗaya. Amma yaro ba ya buga wasa ɗaya, yana jera goma ne a tikiti don naira 100 ta zama dubbai, kuma kason kamfani yana hawa ne a kan kowane wasa. A tikitin wasa goma irin wannan, abin da ke komawa hannun masu bugawa a jimlace bai wuce naira 60 cikin kowace 100 ba. Shi ya sa kullum kukan ɗaya ne, "wasa ɗaya ne ya yanka mini tikiti", kuma wannan kusa-da-ci ɗin ne ke mai da shi gobe. Mafi muni shi ne bacuwal, ƙwallon da kwamfuta ke ƙirƙira ta gama cikin 'yan mintoci. Babu ɗan wasa, babu koci, babu abin da za a sani, kuma a nan ne kuɗin cefane da jarin ɗan acaɓa ke narkewa kafin la'asar.

A Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca da dama, sai hukumar tarayya ta yi ƙorafi da dokar 2005, aka dakata. Wata guda bayan haka Kotun Ƙoli ta yi magana. Hujjarta a taƙaice: caca ba ta cikin abubuwa 68 da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, ba ta cikin jerin waɗanda tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, don haka saura ce, saura kuwa ta majalisun jihohi ce. Tun daga ranar, lasisin Abuja bai halatta shago a Daura ko Funtuwa ba, na Legas ma iyakarsa Legas. Katsina, wadda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa wa hukumar Hisba a 2023, tana da doka, tana da jami'ai, kuma garkuwar mai shago ta faɗi.

Sai dai ikon ya dawo ne bayan cacar ta bar shago. Yau saurayi a Daura yana buɗe asusu da lambar wayarsa, ya tura kuɗi daga manhajar banki ko ya ba mai POS, ya buga yana kwance a ɗakinsa na zaure. Wanda bai kai shekara 18 ba yana ara sunan yayansa. Babu gida, babu wuri, babu inji. Igiyoyin da ke riƙe da wannan kuwa duk suna hannun tarayya: bankuna na Babban Banki ne, layukan waya da intanet na hukumar sadarwa ta NCC, tantance talla na hukumar ARCON, bin sawun kuɗin haram ƙarƙashin dokar 2022 na EFCC. Har haraji tarayya ta tsara a cire, kashi 5 cikin 100 na abin da mazaunin ƙasa ya ci, daga farkon 2025. Da wannan hujjar ta cewa intanet ba ta san iyakar jiha ba aka kai sabon ƙuduri Majalisar Tarayya a 2025 don a mai da cacar intanet ƙarƙashin hukuma ɗaya, jihohi kuma, Legas a gaba, suka ce wannan zagaye hukuncin kotu ne.

Inda shari'ar cacar waya ke lalacewa wuri uku ne, kuma duk ana iya gyara su a zauren majalisar jiha. Na farko sashe na 36(12) na tsarin mulki: ba a hukunta mutum sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka. Lauya mai wayo zai tambaya ko manhaja "wuri" ce, in dokar ba ta ambaci caca ta waya da intanet da sunanta ba, an buɗe masa ƙofa. Sai hujja: tikitin da aka buga da hoton allon waya bayanan kwamfuta ne, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 kuma yana neman takardar tabbatar da na'urar da ta fitar da su, abin da mai gabatar da ƙara kan manta har shari'a ta rushe a babbar kotu. Na ukun shi ne wa ake tuhuma. Kotun Shari'a tana hukunta Musulmin da ya buga, amma kamfani mai rajista a Legas ba ya gabanta, sai a ƙare a kan yaron da aka riga aka cinye, wanda ya cinye shi yana nesa.

A ganinmu nauyin ya kamata ya koma kan wakili da mai talla da kamfani. Doka ta ambaci wanda ke buga wa mutane tikiti a waya yana karɓar lada, da mai sayar da "tabbataccen wasa" a WhatsApp da Telegram, da mai tallata lambar yin rajista da kamfanin caca a TikTok da Hausa. Ta kuma wajabta wa duk kamfani ya toshe manhajarsa ga wanda ke cikin iyakar jihar. Wannan ba abu ne mai wuya a fasaha ba: a Amurka, tun hukuncin kotun ƙolinsu na 2018 da ya bar wa jihohi cacar wasanni, manhaja tana duba inda wayar take kafin ta karɓi kuɗi, in jihar ta hana sai ta ƙi. Katsina ita kaɗai ba za ta iya tilasta wa kamfanin Legas haka ba. Jihohi 12 masu aiki da Shari'a in suka rubuta doka iri ɗaya, suka kai buƙata ɗaya gaban Babban Banki da NCC da jihohin da ke ba da lasisi, cewa toshewar ta zama sharaɗin riƙe lasisi, to akwai abin da za a zauna a tattauna a kai.