Wai mece ce "sakula ikonomi" da kowa yake ta faɗa?

Kwanakin nan da wuya ka saurari wani taron ministoci ko shugabannin kamfanoni ba ka ji "sakula ikonomi" ba, wasu su ce tattalin arzikin zagaye. Abin da ke ba ni haushi shi ne kusan duk mai faɗarta, in ka kasa kunne sosai, maganar tsintar robobi yake yi. A tara gorunan ruwa, a niƙa, a ɗau hoto, wai shikenan an shiga sakula. Haba dai.

Ban ce sake sarrafa shara ba ya ciki ba, yana ciki, amma shi ne ɗan auta, sai an rasa yadda za a yi ake zuwa gare shi. Tsarin da duniya take kai a miƙe yake: a haƙo, a ƙera, a sayar, a jefar. Zagayen kuwa nufinsa kaya ya daɗe yana aiki, in ya samu matsala a gyara, in mai shi ya gaji wani ya karɓa, in ya mutu a ciri sassansa a sa wa wani, sai can ƙarshe a narka abin da ya rage. Kuma narkawar ma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba, ƙungiyar OECD, ta haɗin kan tattalin arziki wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ce kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya. Alminiyam ne dai ya yi sa'a, narka tsohonsa yana rage kusan kashi 95 na makamashin da sabo yake ci.

To me ya sa kaya ba sa daɗewa? Bari in ba ku labarin ƙwan lantarki, don ni a wurina nan gizo ke saƙa. A watan Disambar 1924 manyan kamfanonin ƙwan fitila na duniya, irin su Osram da Philips da rassan General Electric na ƙetare, suka haɗu a Jeniba suka kafa wata haɗaka da ake kira Phoebus. Cikin abin da suka shirya har da cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali a lokacin ana yin masu kai awa 1,500 zuwa 2,000. Kuma ba da baki kawai suka tsaya ba fa, kowane kamfani sai ya aika samfurin ƙwansa Suwizalan a jera su a kunna a zuba ido a ga yaushe za su mutu, wanda nasa ya daɗe fiye da ƙima a ci shi tara. Ka ji fa, tara saboda kayanka ya yi ƙarko! Akwai masu kare su da cewa ƙwan da ya fi haske dama ya fi saurin ƙonewa, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ni ban taɓa ganin inda ake cin mutum tara don tausayin mai saye ba. Yanzu ka ɗauki wannan ƙwai da aka tsara mutuwarsa tun daga masana'anta, ka ce min ya za a yi kwandunan rarrabe shara masu launi uku su gyara lamarin?

Jikokin wannan dabara suna aljihunmu: batirin waya da aka manne da gam, noti mai kan da sukudirebar mai gyara ba ta shiga, sikirin ɗin da in ka canza shi a wajen kamfani wayar ta fara ƙorafi.

Shi ya sa in gwamnati ta ce ta rungumi sakula, dokokinta nake dubawa. Faransa a 2015 ta mayar da rage wa kaya kwana da gangan laifi, a 2020 ta ci Apple tarar yuro miliyan 25 saboda bai gaya wa mutane cewa sabunta manhaja yana rage gudun tsofaffin iPhone ba, a Janairun 2021 kuma ta tilasta a riƙa nuna maki bisa 10 kusa da farashin waya da laftof da injin wanki, mai nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta ce daga ƙarshen 2024 sabbin wayoyi sai da bakin caja iri ɗaya, wato USB-C, Apple da ya daɗe yana turjiya ya bi sahu tun a iPhone 15. Sai kuma dokar da ke ɗora wa wanda ya ƙera kaya kuɗin kwashe shararsa, don in aljihunsa zai taɓu da kansa zai sauya zane. Kamfanoni kuwa sun fi son a bar zancen a kan kai mai saye, wai ba ka jefa a kwandon da ya dace ba.

Asirin sake sarrafa roba ya tonu a 2018, lokacin da Sin ta daina karɓar yawancin sharar robar ƙetare. Ashe abin da ƙasashe masu arziki da dama suke rubutawa a matsayin "an sake sarrafawa" lodawa kawai ake a kwantena a tura. Da ƙofar ta rufe sai kwantenonin suka karkata zuwa Malesiya da Tailan da Biyetnam, har Malesiya ta fara mayar wa wasu ƙasashen kayansu.