Waiwaye: yadda masu ɗinki suka wuce masu auduga

Muhawarar nan ta ƙi ƙarewa, a majalisa ne ko a guruf ɗin WhatsApp na 'yan Garwa da Marwa, wai me ya sa ƙasashen da muka taso tare cikin talauci suka yi gaba mu a Kamaru da Chadi muna nan. Wani ya ce sefa ce, wani ya ce ai don ba mu kusa da teku. Kowa da gaskiyarsa, amma ana magana kamar jiya abin ya faru, alhali ya fi shekara 40 yana tafiya.

Wanda kowa ya sani dai: Kamaru da Chadi sun samu 'yanci a 1960, farashin fetur da koko da kofi ya faɗi wajen 1986, aka zabge albashi a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, Chadi ta fara tura man Doba zuwa Kribi a 2003. Wannan kam an sha faɗa.

Ni 1974 nake so mu tsaya a kai. A shekarar ne jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, dilolin audugarmu suka samu hanya mai sauƙi zuwa Duwala. A shekarar ne kuma aka yi mummunar yunwa a Bangaladash, ƙasar da ba ta fi shekara 3 da 'yanci ba, ba fetur, abin da take sayarwa waje yawanci rama ce. Sai kuma abu na uku da ba a cika ambata ba, Amurka da ƙasashen Turai suka kawo tsarin ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta shigar musu, don kayan Koriya ta Kudu da Hong Kong sun fara cika musu kasuwa. To 'yan Koriya da suka cinye kasonsu sai suka shiga neman ƙasar da ba a sa wa iyaka ba, su ɗinka a can.

A 1979 kamfanin Daewoo na Koriya ya haɗa kai da wani sabon kamfani a Bangaladash mai suna Desh, aka kwashi ma'aikata 130 aka kai su Koriya, suka yi wata 6 suna koyon aiki, ba ɗinki kawai ba fa, har yadda ake jera kekuna kowa da ɓangarensa, wannan wuya wannan hannu, yadda ake duba aibi, yadda ake cika alkawarin mai oda a ranar da aka ce. Da suka dawo, cikin 'yan shekaru mafi yawansu sun bar Desh sun buɗe nasu. Sannan aka bar masu ɗinkin su shigo da yadi ba kuɗin kwastan muddin waje kayan za su, banki kuma ya tsaya musu da takardar odar da ke hannunsu, wato mara jari ma zai iya farawa. A ganina nan aka raba hanya.

Mu kuma a lokacin mun fi su nesa ba kusa ba, a farkon shekarun 1980 abin da ɗan Kamaru ke samu a shekara ya ninka na ɗan Bangaladash sau da yawa. Muna da masaƙa a Garwa tun shekarun 1960, amma yawancin audugar gurzarta kawai ake yi a ɗaure a yi waje da ita. Manomi ya yi wata da watanni yana noma da feshi da tsinka, ribar kaɗi da saƙa da rini da ɗinki duk a wata ƙasa ake cinta, ga tsadar wuta, ga nisan Duwala, ga gwanjo da ya cika kasuwa har tela ya koma sai ɗinkin salla da na biki.

Ba wai Bangaladash aljanna ba ce, albashin matan da ke ɗinkin ƙanƙane ne, kuma ginin masana'antar da ya rufta kusa da Dhaka a 2013 ya kashe mutum sama da 1,100. Amma da aka soke tsarin ƙayyadewar a 2005 wasu sun ɗauka 'yan Bangaladash sun gama, sai ga shi sun riga sun iya aikin. Yau tufafi ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da suke fitarwa, mutum kusan miliyan 4 na ci daga ciki, abin da ɗan ƙasarsu ke samu ya wuce na Kamaru balle Chadi, kuma da yake audugar da suke nomawa kaɗan ce, suna cikin manyan masu sayen tamu.