Idan ɗalibi ya ce ya gaji da duniya

A makarantun gwamnati na Damagaram, malami ɗaya kan tsaya gaban ɗalibai masu yawa, amma duk da haka shi ne kan fara lura idan yarinya mai ƙwazo ta daina magana, ko yaro ya fara fashin zuwa aji babu dalili. Abin da ba a koya masa ba shi ne matakin da zai ɗauka bayan ya lura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke hallaka matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. A nan gida ba a cika faɗin maganar ba saboda kunya da tsoron abin da mutane za su ce, har ciwon damuwa ma sau da yawa ana danganta shi da iska ko raunin imani, alhali ciwo ne da yake da magani.

Horon da ya kamata malamai da masu tsaron tarbiyya su samu ba mai tsawo ba ne, amma akwai abu guda a cikinsa da yake yi wa mutane nauyi, wato yin tambaya kai tsaye. Idan ɗalibi ya ce gara ya mutu ya huta, ko ya shiga rabar da kayansa yana ban kwana, sai a keɓe da shi, a tambaye shi cikin natsuwa ko yana tunanin kashe kansa. Mutane da dama na tsoron cewa tambayar za ta cusa masa tunanin, amma bincike ya nuna ba haka ba ne. Sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A saurare shi ba tare da tsawa ko gori ba. Nasiha tana da lokacinta, sai dai sauraro ne ke gaba. Kada a yi masa alkawarin rufa asiri, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Malamin da ya samu horo ma zai iya rasa inda zai nufa idan makarantar ba ta da tsari a rubuce. Ya dace shugaban makaranta da kwamitin iyaye su zauna da ma'aikatan likita mafi kusa, su tsayar da wanda zai sanar da iyaye, da wanda zai raka yaron, da lokacin da za a miƙa shi babban asibitin Zinder. A gargaɗi iyaye su kulle maganin ƙwari na gona da sauran magunguna, domin mugun tunanin yakan zo ya wuce. A ƙara sa ido a kwanakin fitowar sakamakon jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da ta Bac ta kammala babbar sakandare, musamman a kan waɗanda suka faɗi, tunda a lokacin an tashi hutu, iyaye ne kaɗai ke tare da su.