Kama da wane ba wane ba ne: idan manhajarka ta yi kama da ta wani

Ana ta tsorata masu koyon rubuta manhaja cewa da zarar aikinka ya yi kama da na wani, ka zama ɓarawo, kotu na jiranka. Dokar haƙƙin mallaka ba ta faɗi haka ba.

Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallakar fasaha, ta sa ana kare manhaja kamar yadda ake kare littafi. Rubutun ake karewa, dabarar kuwa ta kowa ce. A ce wa mutum biyu da ba su san juna ba su rubuta umarnin jera sunaye bi da bi, dole layukansu su zo kusa, domin hanyoyin ba su da yawa. Kowa da haƙƙin nasa. Mai ƙara sai ya nuna an sami damar ganin aikinsa, kuma an ɗebi abin da ya fito daga kansa.

Shari'ar kamfanonin manhaja Computer Associates da Altai a Amurka, 1992, ta fayyace wannan. Wani ma'aikaci ya sauya sheƙa zuwa Altai ɗauke da rubutun manhajar tsohon kamfaninsa, Computer Associates, ya cusa shi a sabuwar manhaja. Wannan kwafi ne, an ci Altai diyyar dala 364,444. Sai Altai ya sa waɗanda ba su taɓa ganin rubutun ba suka sake aikin. Kotu ta tace abin da na'ura ke tilastawa da abin da kowa ke amfani da shi, ta duba ragowar, ta wanke sabuwar, alhali aikinta ɗaya da na manhajar Computer Associates. Abin da ke tona asirin mai kwafi galibi shirme ne: kuskuren rubutu iri ɗaya, ko layin da ba ya aikin komai amma ga shi a wuri biyu.

Dala 150,000 da ake ambata don razana mutane ita ce iyakar diyyar da dokar Amurka ta ƙayyade a kan kowane aiki idan ba ainihin asarar da aka yi aka ƙirga ba, kuma sai an tabbatar da ganganci. Ba tarar kamanni ba ce.

Inda tsoron yake da tushe shi ne rajistar ƙirƙira, wato patent, wadda ke kare dabarar kanta. A can, ko ka rantse da kanka ka gano dabarar, wanda ya riga ka rajista zai iya hana ka amfani da ita har shekara 20. A ganina an matsa wa ƙaramin mai rubuta manhaja a nan, wanda ko kuɗin lauyan da zai bincika masa rajistar ba shi da su.