Mene ne siriyalizim, kuma me ya kai shi littattafan yara?

Ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru sun daɗe da sanin wannan kalma. Yanzu kuwa ta shigo Facebook, ana liƙa ta ga duk hoton ban al'ajabi da kwamfuta ta haɗa. Siriyalizim salo ne na zane da rubutu mai bin tsarin mafarki: a ɗauko abubuwan da kowa ya sani sarai, a haɗa su yadda ba sa haɗuwa a farke. A ce mai zane ya fitar da Ƙofar Doka daidai yadda take, amma tarwaɗa ce ke shawagi a kanta maimakon shirwa.

A Paris aka kafa shi, a 1924, lokacin da marubuci André Breton ya fitar da takardar manufofinsa. Masu fasahar zamanin sun ga irin ɓarnar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi duk da wayewar da Turai ke taƙama da ita, sai suka karkata ga mafarki da koyarwar Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam. Agogunan da ke narkewa da Salvador Dalí ya zana a 1931 daga nan suka fito.

Mutane da yawa na ɗauka cewa abin hauka-hauka ne, duk wanda ya kwaɓa fenti ya yi. Ba haka ba ne. Idan tarwaɗar nan ba ta yi kama da tarwaɗa ta gaske ba, ba wanda zai yi mamaki.

Dubi Anthony Browne, Baturen Ingila da aka haifa a Sheffield a 1946. Kafin ya taɓa littafin yara, zanen sassan jikin mutum yake yi a wani asibiti a Manchester, aikin da ba ya karɓar kuskure ko na jijiya ɗaya. Daga nan ya koma zanen katunan gaisuwa, littafinsa na farko ya fito a 1976. Tasirin René Magritte, mai zanen siriyalizim ɗan Beljiyam, a fili yake a hannunsa. A littafinsa na 1983, wata yarinya ce da mahaifinta ba ya samun lokacinta. A wurin karin kumallo ya ɓuya bayan jarida, launin ɗakin kuma duk ya yi sanyi. Cikin dare goggon birin wasanta ya rikiɗa ya zama na gaske, ya saka kwat da hular mahaifin, ya fita da ita yawo. Ba sai an ce wa yaro mai karatu kewa ke damunta ba, hular ta gaya masa. A 2000 Browne ya karɓi lambar yabo ta Hans Christian Andersen, wadda ake ba marubuta da masu zanen littattafan yara.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, Zariya na da masu zane a Samaru, ga kamfanin buga littattafai na NNPC, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, amma da wuya ka ga littafin yara na Hausa da hotonsa ya faɗi abin da rubutun bai faɗa ba.